Hasumiya da Ƙararrawa: Wa Ya Cancanci Tunawa?

Duk wanda ya kwana a Jos ya san asubahinta: sanyi mai ratsa ƙashi, kiran salla daga wannan unguwa, amon ƙararrawar majami'a daga waccan. Wannan amo ne ya jawo hankalinmu ga wata tambaya: idan al'umma ta gina hasumiya domin tunawa da magabata, wa ya kamata ta tuna, wa kuma take da ikon mantawa?

Bari mu fara da misali daga nesa. A Jami'ar Furman ta Amurka, wadda 'yan Baftis suka kafa a 1826, akwai hasumiyar ƙararrawa da aka gina a 1965 domin tunawa da ta asali ta 1854. Waccan ta asali an riƙa kaɗa ta lokacin yaƙin basasar ƙasar, 1861 zuwa 1865, don shelar nasarorin 'yan Kudu masu kare bauta. Sai a 2018 jami'ar ta fitar da rahoto game da bayin da guminsu ya shiga gininta. Ashe ƙararrawa ɗaya tana iya zama bushara a kunnen wani, ta zama makoki a kunnen wani.

Mu dawo gida. A Jos akwai majami'ar Anglika mai sunan Waliyyi Piran, wanda mahaƙan kuza na Konwal a Ingila suka ɗauka majiɓincinsu. Sunan yana tuna mana da Turawan da kuza ta kawo tsaunukan nan. To, amma a 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ɗebo dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas, har 1944. Sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa daga cikinsu. Abin da ke tuna mana da su a yau shi ne kududdufai da tarin ƙasa da ke kewaye da Bukuru.

Wani zai ce: mai gini shi ke da zaɓi. Idan makarantun Gindiri, waɗanda suka faro a 1934, ko Kwalejin Tauhidi ta Bukuru suka so karrama malamansu na farko, ina laifi? Babu hasumiyar da za ta ɗauki sunan kowa da kowa, kuma wanda bai gode wa nasa ba, ba zai gode wa bare ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ba mu musanta ta ba.

Sai dai ƙararrawa ta bambanta da dutsen kabari. Dutse sai wanda ya je ya gani. Amo kuwa ba ya neman izinin katanga, yana shiga gidan maƙwabci ko bai gayyace shi ba. Wanda ya zaɓi yin magana da gari duka, ya ɗauki nauyin faɗa wa gari gaskiya. Ba a ce ya lissafa kowa ba, amma kada ya tsara tunawarsa yadda za ta binne wahalar wani. Wannan hukunci bai tsaya ga ƙararrawa ba. Ya hau kan duk wata murya da ke fita daga hasumiya, ta masallaci ko ta majami'a.

Batun ba na tarihi ba ne kawai. Bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, kowane ɓangare a Jos ya iya ƙidayar gawawwakinsa, amma kaɗan ne ke ambaton na maƙwabci. Irin wannan tunawa ba ta warkar da miki, sai dai ta ajiye shi ga 'ya'ya da jikoki.

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Amma mai waiwaye da ido ɗaya rabin hanya yake gani. A ganinmu, ranar da wata kwaleji a Filato za ta ɗaga hasumiya, tsawonta ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne ko jikan lebura da jikan mai wa'azi za su ji amonta, kowannensu ya ce: har da nawa ake kira.