Amanar Kayan Jirgi: Shin Cin Amanar Manya Yana Halatta Ta Ƙanana?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin tudu da teku. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa shaidar amana tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, da yawa daga cikin mutanen Gaya ba su taɓa ganin teku da idonsu ba, amma kuwa abincin garinmu yana rataye da ita. Shinkafa da taki da motocin gwanjo da muka saba gani suna ƙetare gadar da ta haɗa mu da Malanbil, duk a tashar Kotonu aka sauke su daga jiragen ruwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa ake dakonsu. Sa'ad da aka rufe iyaka a shekarar 2023, manyan motoci suka yi jerin gwano a hayin kogi, farashi ya tashi, kowa ya gane haka a tukunyar gidansa. A watan Mayu na 2024 kuma jirgin dakon mai na farko ya yi lodin ɗanyen man Agadem a Seme, a gaɓar Benin, bayan man ya biyo bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 wanda ya ratsa yankinmu. Saboda haka labarin mutanen da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan waɗannan jirage ya shafe mu, kuma akwai mas'ala a cikinsa wadda ta dace da direba da ɗan dako da mai kwale-kwale a nan bakin Kwara.

Abin da tsofaffin ma'aikatan jirgi suke tunawa

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Elder Dempster na birnin Libaful a Ingila ya shiga ɗaukar ƴan Nijeriya da yawa aiki a jiragensa. Aikinsu shi ne na ƙasa: zafin ɗakin inji, da shafa mai, da goge-goge, da hidimar abinci, a kan albashin da bai kai na Turawa ba. A shekarar 1959 ma'aikatan jirgin da ake kira Apapa suka ajiye aiki a Libaful saboda wulaƙancin launin fata, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A wannan shekarar ce aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Nijeriya, wanda aka fi sani da NNSL, aka raɗa wa jiragensa sunaye irin su Ɗan Fodiyo da El-Kanemi da Sarki Jaja, a 1961 kuma gwamnati ta mallake shi baki ɗaya.

Wata masaniyar tarihi mai suna Lynn Schler ta zauna da tsofaffin ma'aikatan nan a Legas, ta tattara abin da suka faɗa mata a littafin da ta fitar a 2016. Sun tuna murnar da suka yi da fari, ganin jirgi na ƙasarsu da shugabanni ƴan ƙasarsu. Sun tuna kuma ɗan cinikin da suka saba yi a gefe tun zamanin Turawa: ma'aikaci ya sayo firji ko talabijin ko tufafin gwanjo a Turai, ya sayar a Legas, ya cike giɓin albashi. Sannan suka tuna yadda al'amura suka lalace. Manyan jami'an jirgi suka shiga cinikin da kansu, suka mamaye wurin da ƙananan suke zuba ɗan kayansu, son kai ya shiga ɗaukar aiki, gyaran jirage da guzuri suka yi rauni. Daga nan wasu cikin ƙananan suka faɗa fasa-ƙwauri, har da na miyagun ƙwayoyi, wasu kuma suka tsere daga jirgi a ƙasashen waje. Kamfanin da gwamnati ta yi wa odar sababbin jirage 19 a 1977, wanda ya taɓa mallakar jirage fiye da 20, sai ga shi ana kama jiragensa a tashoshin duniya saboda bashi. A 1995 aka rushe shi, ma'aikata suka yi shekaru suna bin haƙƙoƙinsu.

Mas'alar da ke gabanmu

Duk wanda ya ji wannan labari zai tausaya wa ƙaramin ma'aikaci, kuma zai ji hujjarsa kamar mai ƙarfi ce. Yana cewa: manya sun ci, albashina bai zo ba, iyalina suna jira, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To shin cin amanar da shugaba ya yi yana buɗe wa na ƙasa da shi ƙofar cin tasa? Shin wanda aka danne wa lada yana iya biyan kansa daga abin da aka ba shi dako?

Kada mu yi gaggawar amsawa, domin malamai ba su raina wannan tambaya ba. Suna da babi a kanta da suke kira mas'alar zafari, wato mutum ya samu iko a kan dukiyar wanda ya hana shi haƙƙinsa. Waɗanda suka halatta ɗauka sun kafa hujja da hadisin Hindu ƴar Utba, wadda ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyanu, Manzon Allah (S.A.W.) ya yi mata izini ta ɗebi abin da zai ishe ta ita da ƴaƴanta gwargwadon al'ada. Waɗanda suka hana kuwa sun riƙi hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi umurni da mayar da amana ga mai ita, ya kuma hana a rama ha'inci da ha'inci. A cikin mazhabar Imamu Malik an ruwaito maganganun biyu. Sai dai waɗanda suka sauƙaƙa sun gindaya sharuɗɗa: haƙƙin ya zama tabbatacce, a ɗauki daidai gwargwadonsa ba ƙari, a amince daga fitina da zubar da mutunci, kuma abin da aka ɗauka ya zama dukiyar wanda ake bi.

A wannan sharaɗi na ƙarshe ne hujjar ma'aikacin jirgi take karyewa. Kayan da ke cikin jirgi ba na kyaftin ba ne, ba kuma na kamfani ba ne. Na wani ɗan kasuwa ne a Kano ko Maraɗi wanda ya biya kuɗin dako cif, bai san sunan ma'aikacin ba, bai kuma ci masa ko sisi ba. Jirgin gwamnati kuwa dukiyar jama'a ce, akwai rabon maraya da tsohuwa a cikinsa. Wanda ya yi fasa-ƙwaurin ƙwaya bai taɓa aljihun shugaban da ya zalunce shi ba, ƴaƴan mutane ya lalata, ya kuma jawo wa abokan aikinsa zargi da bincike a kowace tasha. Ashe wanda aka zalunta ya juya ya zalunci wanda bai ji ba bai gani ba.

Hukuncin Sayyidina Umar

Imamu Malik ya kawo wani hukunci a cikin Muwaɗɗa wanda ya raba gardama. Bayin Haɗibu sun saci taguwar wani mutum daga ƙabilar Muzaina, suka yanka. Da aka kai maganar gaban Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.), sai ya lura cewa maigidansu yana barin su da yunwa, saboda haka ya ɗora masa nauyin. Mai raƙuma ya ce darajarta dirhami 400 ce, Umar ya sa a biya shi 800. Imamu Malik ya bayyana cewa aikin mutanen Madina bai gudana a kan ninka ƙima ba, amma biyan ƙimar kanta babu saɓani a kansa.

Ku dubi abubuwa biyu a nan. Na farko, Umar bai rufe ido ga yunwar bayin ba, ya kuma nemi wanda ya jawo ta ya ɗora masa tara. Na biyu, bai ce wa mutumin Muzaina ya yi haƙuri tunda masu yunwa ne suka ci ba. Yunwa tana iya ɗauke haddi, tana iya rage zunubi, amma ba ta mayar da dukiyar wani ta zama halal ta dindindin, haƙƙin mai ita yana nan sai an biya. Hausawa suna cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shari'a ta yarda da wannan magana, amma ba ta ce warin daddawa ya wanke ɓera ba.

Laifin manya kuwa ya fi girma, kada wani mai dukiya ya karanta wannan ya ji daɗi. Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi inda Allah (S.W.T.) Ya ambaci mutum uku da Shi da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya ci moriyar aikinsa, ya hana shi lada. Wannan zalunci bai ƙare da rushewar NNSL ba. Duk da yarjejeniyar duniya ta 2006 a kan haƙƙin ma'aikatan teku, wadda ta soma aiki a 2013, a shekarar 2024 kaɗai ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya ta ƙidaya ma'aikata fiye da 3,000 da masu jirage suka yi watsi da su, ba albashi, ba kuɗin komawa gida.

Huji biyu ba su toshe juna

Manzon Allah (S.A.W.) ya buga misali da jirgin ruwa a hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru. Wasu mutane sun raba wuraren zama da ƙuri'a, wasu a sama, wasu a ƙasa. Na ƙasan suka ga wahalar hawa ɗibar ruwa, sai suka yi shawarar su huda ɓangarensu. In an bar su kowa ya nutse, in an riƙe hannunsu kowa ya tsira. A labarin kamfanin nan na sama ne suka fara hudawa, na ƙasa suka biyo baya. Amma ruwa ba ya tambayar wanda ya fara. Da jirgin ya nutse a 1995, manyan sun riga sun tara abin da za su dogara da shi, ƙananan ne suka wayi gari babu aiki. Wanda ya ce yana ramuwa ne, abincin kansa ya taimaka aka kifar.

Akwai wata hikima a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, littafin da ake karantawa a zaurukanmu. A babin ijara ya nuna cewa masu sana'a suna lamunce abin da suka ɓoyu da shi, amma mai jirgi babu lamuni a kansa, kuma ba ya cancantar kuɗin haya sai ya isar da kaya inda aka yi alkawari. Ma'ana, shari'a ta ɗauki mai jirgi amintacce: in teku ta ci kaya ba da sakacinsa ba, ba a tilasta masa biya. Malaman mazhaba sun keɓe mai dakon abinci, suka ce shi yana lamuni, domin hannu yana saurin kaiwa ga abinci. Wannan sauƙi da aka yi wa mai dako an gina shi ne a kan zaton gaskiya. Ranar da masu dako suka zubar da wannan zato, sai mai kaya ya koma kulle da hatimi da ɗan rakiya, kuɗin dako ya ƙaru, talaka mai sayen mudu ya biya.

Jirginmu na tudu

Ya ku bayin Allah, babbar mota jirgi ce ta tudu. Direban da ya taso daga bakin teku da buhuna ɗaruruwa, ko da tanka cike da mai, yana kwana a daji inda babu mai kaya, babu mai mota, sai shi da yaronsa da Ubangijinsa. Haka mai kwale-kwale da ke ƙetarar da kayan mutane tsakanin Gaya da Malanbil, da mai ajiya a sito, da wakilin da ke fitar da kaya a duwan, da mai kai saƙo Kamba. Kowannensu yana iya samun uzuri irin na ma'aikacin jirgi: maigida bai ba da kuɗin hanya isasshe ba, an tatse ni a shingaye, wata uku ba a biya ni ba. Uzurin yana iya zama gaskiya. Amma litar man da aka zuƙe, da buhun da aka farke aka rage aka ɗinke, na wani ne dabam.

To mene ne mafita ga wanda aka zalunta? Ya nemi haƙƙinsa a fili daga wanda ya danne shi. Ma'aikatan Apapa a 1959 ba su fasa kaya ba, sun tsaya tare suka ce ba su yarda ba, aka ji su. Akwai ƙungiyar direbobi, akwai sarkin tasha, akwai malamai da dattawan unguwa, akwai alƙali. Ya rubuta yarjejeniya da shaidu kafin ya ɗauki mota. In duk wannan ya gagara, barin aikin ya fi masa alheri a kan zama yana cin haram. Wanda kuma ya riga ya taɓa kayan mutane, tubarsa ba ta cika sai ya mayar ko ya nemi yafiya, in mai kayan ya ɓace masa ya yi sadaka da ƙimarsu da niyyar ladan ya je gare shi.

Ku kuma masu motoci da manyan ƴan kasuwa, ku ji tsoron Allah a kan waɗanda ke ƙarƙashinku. Ku biya lada a kan lokaci, ku ba da guzurin hanya wanda zai isa, kada ku tura bawan Allah tafiyar mako biyu da abin da ba zai kai shi kwana biyar ba, sannan ku zo masallaci kuna kukan direbobi ba su da amana. Wanda ya jefa ɗan'uwansa cikin halin da zai yi sata yana da kaso a zunubin, kamar yadda hukuncin Umar ya nuna.

Alƙur'ani mai girma, a Suratul Ankabut da Suratu Yunus, ya zargi mutanen da suke tsarkake addu'a ga Allah idan igiyar ruwa ta kewaye jirginsu, su manta da Shi idan sun taka tudu. Wanda Ya ji kukan matafiyi a tsakiyar teku, Shi ne Yake ganin hannunsa a cikin kayan mutane.

Allah Ya sa mu cikin masu tsare amana a ɓoye da bayyane, Ya wadata mu da halal daga haram, Ya kiyaye matafiyanmu na ruwa da na tudu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.