Shin Kullum Fuska Ke Ba da Labarin Zuciya?

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na daɗe ina gaskata wannan karin magana, sai da lalurar kawuna ta sa na fara kokwanto.

Kawun nawa maɗinkin hula ne a Kasuwar Kurmi. Yana da shekara 45 wuyansa ya fara murɗewa zuwa hagu ba da sonsa ba. Likitoci suna kiran ciwon distoniya, wato ƙwaƙwalwa ce ke aika wa naman wuya umarnin da mai jikin bai bayar ba, sai naman ya ɗaure. Ba a sami maganin warkewa ba tukuna, amma allurar botulinum tana sassauta shi na kamar wata 3. In Kawu ya ɗora yatsa a haɓarsa, kan yakan miƙe na ɗan lokaci. To, amma ɗinki hannu biyu yake so. In zai tsallaka titin Ƙofar Mata, sai ya juya jikinsa duka kafin ya ga mota. Sallamar dama a salla ma aiki ce.

Duk wannan bai dame shi kamar fassarar mutane ba. Mai ciniki ya ce ana yi masa magana yana kau da kai. Wani dattijo ya ce girman kai ne. Wasu suka ce jifa ne, wasu iska.

A nan tambayata take, ya mai karatu. A Kano makafi da guragu da kutare duk suna da sarakunansu, kowa kuma ya san lalurarsu, ana yi musu uzuri. Amma mai ciwon da ya yi kama da mugun hali fa? Shi kaya biyu ya ɗauka, ga ciwo ga zargi. A 2019 aka sa hannu kan dokar hana wariya ga masu nakasa a Nijeriya. Doka tana iya tilasta gyaran ƙofar ofis, amma ba ta isa ta gyara zato ba.

A ganina, ba a hukunta mutum sai a kan abin da yake da iko da shi. Halin Kawu yana cikin gaskiyar cinikinsa da zumuncinsa, ba a inda fuskarsa ta dosa ba. Saboda haka kafin mu ce wane ya raina mu, mu tambayi bakinsa tukuna. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, mu kuma Ya ba mu kyakkyawan zato, amin.