Gyare da Tururuwa a Damargu: Bashin da ke kan Mai Sauraro

Da yawa daga cikin waɗanda suka zauna a bencin lakwal a ƙasar nan sun haddace tatsuniyar gyare da tururuwa, wadda marubucin Faransa La Fonten ya fitar a shekarar 1668. Ƙwaron da ke cikinta Faransawa na kiran sa sigal, amma a wajenmu gyare ne ya fi kusa da shi, don shi ne bakinsa ba ya rufuwa. Ya kwashe lokacin yalwa yana waƙa, tururuwa tana jidar ƙwaya. Da sanyi ya kama, abinci ya yanke, sai ya je neman rance, ta kore shi da gatse. Yara na karantawa da murya ɗaya, mushe na kaɗa kai, kowa ya tashi da darasi guda: mai waƙa ba ya tarawa, mai tarawa ba ya waƙa. Abin da nake so mu duba a nan shi ne ko wannan hukunci ya hau kan mutumin gari a Damargu, wanda ke kwana ya tashi cikin kiɗa. Shin daɗin da yake ji na waƙa da fim da hirar dare haƙƙinsa ne, ko kuwa ɗiba yake yi daga rumbun da ba nasa ba?

Bari mu fara da abin da kunne ke ji. Tanut gari ne bisa hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Agadas, kimanin kilomita 150 daga birnin Damagaram, kuma garin da ke bisa hanya yakan ji waƙar kowa. Motar da ta sauko daga arewa takan shigo tasha da gitar Abzinawa, salon marigayi Abdalla Umbadugu da Bombino. Wadda ta hauro daga kudu takan zo da waƙoƙin Kano, na su Nura M. Inuwa da Umar M. Sharif da Hamisu Breaker. Tela na taka keke, muryar Mamman Shata na tashi a gefensa. Dattijon da ke zaune a teburin mai shayi ya fi son Ma'azu Ɗan Alalo, mawaƙin fadar Damagaram. Ɗan kabu-kabu ya rataya ɗan akwatin kiɗa a wuya. In dare ya yi, mata su kewaye salula guda a tsakar gida suna kallon fim ɗin Hausa, ko na Indiya da aka mayar Hausa. Haka ma Balbeji, wanda ya zama gundumar kansa a 2011 bayan an cire shi daga Tanut: ranar kasuwa, makiyayin da ya sayar da rago ba ya komawa ruga sai ya tsaya wurin mai cajin salula an cika masa kati da waƙoƙi. Wannan ita ce rayuwar gari a wajenmu, ba gidan rawa, ba babban zauren wasa, amma kiɗa na bin mutum tun daga ƙofar gida har wurin nema.

To, tururuwa tana da hujja, kuma a Damargu hujjarta ba abin rainawa ba ce. Ƙasarmu ƙasar rumbu ce. Tun zamanin ayari, daga nan Abzinawan Kel Ewe ke ɗaukar hatsi su kai Abzin, su kai Bilma su musanya da gishiri. Matafiyin Jamus Bart, wanda ya ratsa Damargu a watan Janairun 1851, ya tarar da ita tana ciyar da mutanen arewa. Amma wannan ƙasa ta yalwa ita ce kuma ta ga farin 1973 zuwa 1974, ta ga na 1984 zuwa 1985, ta ga ƙarancin abincin 2005. Wanda ya taɓa ganin an buɗe rumbu an tarar da ƙaiƙayi, ba zai ga laifin mai tsimi ba. Idan dattijo ya dubi saurayi ya zuba kuɗin tiyar hatsi a salula don ya sauko da sabuwar waƙa, ya ce masa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, gaskiya ya faɗa. Duk wanda zai kare nishaɗi a ƙasar da ke bakin hamada, wajibi ne ya fara amsa wannan magana.

Amsar kuwa tana cikin gidan dattijon kansa, a gindin turmi. Matan da ke daka ba shiru suke yi ba. Sukan yi lugude, taɓarya na amsa taɓarya, waƙa na bin sawunta, har aikin da zai karya ƙugun mutum ɗaya ya zama wasan mutum uku. Mai niƙa tana da waƙarta, mai jan ruwa a rijiya mai zurfi yana da tasa. A gonar gayya makaɗi ne ke bin bayan manoma da ganga yana zuga su, kuma in kaka ta yi shi ma a ba shi daminsa, domin kowa ya san da gangarsa aka kai ƙarshen kunya. Maƙwabtanmu Abzinawa sun ma kai abin matuƙa: tende, kiɗan da matansu ke yi a biki raƙuma na kewayawa, turmin daka ne ake rufe wa baki da fata. Turmin da ya sussuka hatsi da hantsi shi ne ke tara jama'a da dare. Ashe tururuwar Damargu tun fil'azal mai waƙa ce. Rabuwar da La Fonten ya yi tsakanin mai aiki da mai waƙa ba ta san turmi ba. Shi kansa Ruso, a littafinsa na tarbiyya mai suna Emil na 1762, ya yi ƙorafin cewa yaron da aka koya wa wannan tatsuniya tururuwa zai ɗauka abin koyi, ya tashi da rowa da izgili ga mabuƙaci.

Sai dai akwai wata tuhuma da ta fi ta rumbu zurfi, kuma ita ma daga Faransa muka karanta ta. Paskal, wanda ya rasu a 1662, yana ganin ɗan Adam na bin wasa da farauta da hira ne don kada ya zauna shi kaɗai ya tuna halin da yake ciki, da mutuwar da ke jiran sa. A wajensa nishaɗi mafaka ce ta mai gudun tunani. Wanda ya san fada zai ji wannan magana ta taɓa shi. Fada, wato zaman samari a bakin titi kewaye da butar shayi da kiɗa, ta yaɗu a garuruwan Nijar tun shekarun 1990, daidai lokacin da takardar makaranta ta daina zama alkawarin aiki. Masaniya Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2019. A Tanut za ka ga saurayi ya gama lise, ko ya dawo daga biɗa a Libiya hannu wofi, ya zauna daga la'asar har dare ya raba, shayi na farko, na biyu, na uku, waƙa na bin waƙa. Mai kallo daga nesa zai ce Paskal ya yi gaskiya: ga mutanen da ke toshe kunne da kiɗa don kada su ji ƙarar ransu.

Amma wanda ya matso kusa zai ga wani abu dabam. A fada ne ake jin labarin inda ake neman leburori, a nan ake haɗa kuɗi in ɗaya ya kwanta ciwo, a nan ake gardamar siyasa da ta addini, a nan wanda aka hana auren da yake so yake samun waƙar da za ta faɗi abin da kunya ta hana shi faɗa wa mahaifinsa. Saurayin da ya maimaita waƙar rabuwa sau goma bai guje wa baƙin cikinsa ba. Ya samo masa suna ne, ya zaunar da shi a tsakiyar abokai inda ba zai kashe shi ba. Hausawa sun ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Malamanmu sun yi saɓani a kan hukuncin kiɗa tun da daɗewa, kuma nan ba wurin fatawa ba ne. Amma yana da kyau a tuna cewa Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini ga ladubban sauraro, inda ya nuna cewa sauti na tono abin da ke cikin zuciya ne, mai kyau ko mummuna, kuma ya jawo hankali ga lokaci da wuri da abokan zama. Wannan ma'auni ya fi na Paskal adalci, domin ya bar wa mai sauraro alhakin abin da yake yi da abin da ya ji.

Idan haka ne, me ya sauya tsakanin lugude da salula, har dattijai ke jin abin ya fita daga hannu? A ganina abu ɗaya ne. A da kiɗa yana da fuska. Ka san makaɗin, ka san ubansa, ka san ranar da zai zo da abin da za ka ba shi. Rediyo da kaset suka fara raba murya da mai ita, sannan kati da salula suka ƙarasa aikin. Labarin Mdou Moctar, mai gita daga jihar Tawa, ya isa misali: ya naɗi waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, suka bazu daga salula zuwa salula a faɗin Sahel, har wani Ba'amurke ya tsinci ɗaya ya saka ta a kundin waƙoƙin salular Sahara da ya fito a 2011. Shi ya dace, duniya ta san shi. Amma hanyar da ta kai muryarsa ko'ina ita ce kuma hanyar da mutane dubbai suka ji daɗinsa ba tare da dala ɗaya ta isa hannunsa ba. Kiɗa ya zama kamar iska, kowa na shaƙa, ba wanda ke jin ana bin sa bashi. A nan ne laifin mutumin gari yake, in yana da laifi: ya ci gadon jin daɗi, ya bar gadon biya.

Bashi na farko na maƙwabci ne. Gangar gayya tana da iyaka, inda hannu ya gaji nan ta tsaya. Lasifika ba ta gajiya. Mai biki da ya kafa ta a tsakiyar unguwa har ƙarfe biyu na dare ya tilasta wa mai jego da majinyaci da ɗalibin da ke shirin jarrabawa halartar bikin da ba a gayyace su ba. Daɗin da sai an hana wani barci yake cika, da sauransa. Kunnen maƙwabci ma dukiyarsa ce, kamar katangarsa.

Na biyu na mai waƙar ne. Muna biyan mai caji, muna biyan mai zuba waƙa a kati, muna biyan kamfanin salula, amma wanda ya kwana yana tsara baiti shi kaɗai ne ba ya cikin lissafi. Akwai ofishin kare haƙƙin masu fasaha a Yamai, sai dai doka ba ta iya bin kowane kati cikin kowace kasuwa. Abin da ya rage shi ne kunyar mai sauraro. Ba za mu iya aika wa mawaƙin Kano dami ba, amma makaɗin garinmu yana nan. Mai biki da ya ɗauko na'ura ya bar mai kalangu a gida, don na'ura ba ta roƙo, ya san abin da ya zaɓa. Sannan gobe shi ne zai fara kukan cewa al'ada ta mutu.

Na uku na ƴaƴanmu ne. A 2013 hukumar UNESCO ta saka anzad, gogen matan Abzinawa na Nijar da Mali da Aljeriya, cikin gadon ɗan Adam da ya cancanci kulawa. Takarda a Faris ba ta koya wa yarinya riƙon izga. Yaron da ya tashi a Tanut ya haddace duk waƙar da ta fito a TikTok, amma bai taɓa jin waƙar niƙa daga bakin kakarsa ba, an tauye masa rabin kunnensa. Ba ina cewa a rufe ƙofa ga baƙon sauti ba. Damargu mararraba ce tun asali, Bahaushe da Badagire da Ba'abzine da Bafillace duk sun bar sawu a kiɗanta, kuma gitar da muke alfahari da ita a yau ita ma baƙuwa ce jiya. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amma mai gida na ƙwarai ba ya korar tsohuwarsa daga ɗaki don ya sauki baƙo.

Saboda haka, ga amsata ga tambayar da muka fara da ita. Mutumin gari da ke jin daɗin waƙa bai taɓa rumbun kowa ba, muddin ya ciyar da gidansa kafin ya ciyar da salularsa. Talaka ma yana da haƙƙin annashuwa, kuma wanda ya ce sai rumbu ya cika za a yi waƙa ya yanke wa Damargu hukuncin shiru na shekaru da yawa, alhali kakanninmu sun yi lugude ko a shekarar da hatsin cikin turmin bai kai tiya ba. Abin da ake nema ga mai sauraro kaɗan ne: ya rage murya in dare ya yi, ya miƙa hannu ga makaɗi in ya zo ƙofarsa, ya bar ɗansa ya zauna kusa da masu daka. Wanda ya yi waɗannan uku, ya sha kiɗansa da zuciya sake, ba mai bin sa komai.