Abincin Inji da Gumin Manomi

A Kolokonde, cikin ƙasar Jugu a arewacin Jamhuriyar Benin, ruwan sama yakan ɗauke wajen ƙarshen Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Afrilu ko Mayu. A waɗannan watanni ɗanyen kayan miya yakan yi tsada, uwa kuwa takan koma ga busasshiyar kuɓewa da kuka. Wanda ya san wannan rani ba zai yi wa labarin sabon abinci dariya ba.

A shekara ta 2021 masanan cibiyar VTT a ƙasar Finland suka raya ƙwayoyin halittar itacen kofi cikin tukunyar ɗakin bincike, suka gasa, suka dafa, ba tare da gona ba. Akwai kuma injin da yake ɗaukar markaɗaɗɗen karas, ya jera shi hawa-hawa har ya fito da siffa. Ana yin wannan domin tsofaffi da marasa lafiya waɗanda haɗiya take yi musu wuya. Aikin jinƙai ne, babu laifi a cikinsa.

Amma ko daidai ne gari ya bar fartanya ya dogara ga irin wannan abinci? Injin ba ya halittar karas, sai wani ya shuka ya kawo masa. Ƙwayoyin nan na cikin tukunya sukari suke ci, sukari kuwa daga gona yake fitowa. Ashe gonar ba ta ɓace ba, nesa ta koma, inda mai ci ba ya ganin manomi. Wanda ba ya ganin manomi da wuya ya gode masa, balle ya biya shi hakkin guminsa.

Akwai wata hanya. A sansanonin 'yan gudun hijira na Tinduf, cikin hamadar Aljeriya, iyalai sun koyi tsirar da sha'ir a faranti, da ruwa kaɗan, babu ƙasa, cikin mako guda ya zama ciyawar awaki. A Paraku kuwa akwai reshen Cibiyar Songhai, wadda Fada Godfrey Nzamujo ya kafa a Porto-Novo a 1985. A can kashin dabba yakan zama taki, ruwan kifi ya shayar da lambu, samari su koya su koma gida da sana'a. Waɗannan ma ilimi ne, amma ilimin da talaka yake iya riƙewa da hannunsa.

Saboda haka ma'aunin kowace dabara shi ne wannan: in ta lalace, gwauruwar Kolokonde za ta iya gyara ta, ko kuwa sai ta jira baƙo? Wanda abincinsa yake hannun wani, bakinsa ma yana hannun wani. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.