Shin littafin kimiyya yana cin imanin yaro?



Akwai wata tambaya da take yawo a tsakanin iyaye a unguwar nan, ana yin ta a majalisa, ana yin ta a bakin masallaci bayan sallar isha'i. Yaro ya tafi sakandare ko jami'a, ya dawo da littattafai masu hoton ƙashin dabbobi da taurari da ƙwayoyin da ido ba ya gani. Uba ya duba bai gane ba, sai zuciyarsa ta ce masa: anya wannan karatu ba zai raba ɗana da Allah ba? Kada a yi wa mai wannan tambaya dariya. Mu da muke zaune nesa da gida, cikin mutanen da harshensu da al'adarsu daban suke da namu, babban tsoronmu shi ne ɗa ya tashi bai san ko shi wane ne ba. Amsata dai ita ce, karatun halittun Allah ba ya cin imani. Abin da yake ci shi ne a bar yaro shi kaɗai da littafin, babu babban da zai iya zama da shi su tattauna. Bari in kawo dalilaina, in kuma ambaci wasu littattafai da nake ganin ya kamata su shigo gidajenmu.

Mu fara da abin da kowane ɗan makarantar allo ya sani. A cikin surorin Alƙur'ani akwai wadda aka sa wa sunan saniya, akwai ta ƙudan zuma, akwai ta tururuwa, da ta gizo-gizo, da ta giwa. A cikin Suratul Gashiya an ja hankalinmu mu dubi yadda aka halicci raƙumi. To, wanda aka umarce shi ya duba, in ya duba da kyau har ya rubuta abin da ya gani, laifin me ya yi? Magabata ba su ga laifi ba. Al-Jahiz, mutumin Basra wanda ya rasu wajen shekarar 868, ya rubuta Kitabul Hayawan, babban littafi a kan dabbobi da tsuntsaye da ƙwari. Ad-Damiri, malamin fiƙihu a Masar wanda ya rasu a 1405, ya rubuta Hayatul Hayawan, inda ya jera dabbobi bisa haruffa, ya faɗi ɗabi'ar kowace da hukuncin cin namanta. Ko a harshenmu ma akwai Ikon Allah, wanda Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta a Zariya tun kafin 'yancin kai. Iyayenmu da suka yi elementare sun karanta shi, kuma ba mu ji ya hana waninsu sallah ba. Wanda yake da tsohon kwafinsa a akwati, don Allah ya fito da shi jikoki su gani.

Wani zai ce, to Malam, ko da ba haramun ba ne, ai ɓata lokaci ne, mu 'yan kasuwa ne, ina ruwanmu da ƙwaro? Ruwanmu kuwa har wuya. Fataken shanu na da, waɗanda suke koro garke da ƙafa daga Arewa zuwa ƙasar Yarbawa, sun san in saniya ta shigo kurmi ta daɗe, sai ta rame ta mutu da sammore, shi ya sa ake gaggawar sayarwa ko da an faɗi. Sun kuma zargi ƙudan tsando. Amma sai a wajen 1895 wani likitan sojan Ingila, David Bruce, ya nuna a ƙasar Zulu ta Afirka ta Kudu cewa wata ƙwayar cuta ce a cikin jini, tsando yake ɗauko ta daga namun daji ya zuba wa shanu. Daga wannan sani aka samu hanyar magani da rigakafi. Haka kurkunu. Dattawanmu sun san yadda take kwantar da magidanci a tsakiyar damina, gona ta lalace. A ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980, an samu mutum fiye da 650,000 masu ita a Nijeriya. Ba allura ce ta kore ta ba. Tun wajen 1870 wani masani ɗan Rasha, Fedchenko, ya gano cewa 'ya'yan tsutsar suna zama ne a cikin wani mitsitsin ƙwaro na ruwan tafki. Da aka koya wa mutane tace ruwa da ƙyalle, aka hana mai ciwon shiga tafki, aka haƙa rijiyoyi, sai cutar ta yanke. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da kurkunu. Kun ga mutumin da ya zauna yana leƙen ƙwaron ruwa, wanda a lokacinsa wani zai ce ba shi da aikin yi, ya amfani ƙauyukan da bai taɓa jin sunansu ba.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi nauyi: yawancin littattafan nan waɗanda ba Musulmi ba ne suka rubuta su, yaya za mu koyi sanin halittar Allah daga hannunsu? Ni ɗan kasuwa ne, bari in amsa da harshen kasuwa. In manomi ya kawo maka goro daga ƙauye, ba ka tambayarsa ko masallaci yake zuwa ko coci kafin ka saya. Tsaga goron kake yi ka duba ko akwai tsutsa a ciki. Addininka kam ba za ka koya daga wanda bai yarda da shi ba. Amma nisan wata daga ƙasa, ko yadda jini yake zagaya jiki, abu ne da ake aunawa, kuma ma'auni ba ya canza amsa don ganin fuskar mai awo. Haka Musulmin Bagadaza suka yi a zamanin Abbasiyawa. Babban mai fassara musu littattafan likitancin Girkawa, Hunainu ɗan Ishaƙa, Kirista ne. Lambobin da muke rubuta kuɗin ciniki da su kuwa daga Indiya suka karɓo su.

Wanda yake son wannan tarihi a tsare, ya nemi littafin Jim Al-Khalili mai suna Pathfinders, wanda ya fito a 2010. Marubucin haifaffen Bagadaza ne, malamin kimiyya a Ingila. A ciki za a haɗu da Al-Khawarizmi wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara, da Al-Biruni wanda ya hau dutse a yankin da yau ake kira Pakistan, ya auna tsawon dutsen da yadda ƙarshen gani yake karkata, ya fitar da girman duniya kusa ƙwarai da lissafin yau. Akwai kuma Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Shi ya tabbatar da gwaji cewa haske ne yake shigowa ido daga abin da ake kallo, alhali da yawa kafinsa suna cewa ido ne yake fitar da haske. Abin da ya fi burge ni game da shi, ya rubuta littafi guda a kan kurakuran Batlimus, wanda duniya ta yi shekaru ɗaruruwa tana bi, kuma ya yi gargaɗi cewa mai neman gaskiya ya tuhumi abin da yake karantawa, ya tuhumi kansa ma.

Amma a nan akwai rami, kuma mu Musulmi muna yawan faɗawa cikinsa. Da mun ji waɗannan sunaye sai mu gyara zama mu ce, ai kakanninmu ne suka fara komai, Turawa sata suka yi. Mu faɗi haka mu koma barci. Wannan alfaharin ɗan da ya gaji shago ne ya bar shi a kulle, yana ba da labarin cinikin da ubansa ya yi. Kuma maganar ma ba daidai take ba. Musulmi sun karɓa daga Girkawa da Farisawa da Indiyawa, suka ƙara nasu, wasu suka karɓa daga gare su suka ƙara. Littafin James Poskett mai suna Horizons, na 2022, abin da yake nunawa ke nan: kimiyyar zamani hannu da yawa ne suka gina ta, har da masu lissafin taurari na Timbuktu. Mu ma muna da namu. Muhammadu al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi mai gidaje, ya rasu a Alƙahira a 1741. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basir. Tambayar da ta rage mana ita ce, a zamaninmu me muka ƙara?

Yanzu ga wurin da iyaye suka fi jin tsoro, kuma ba zan kewaye shi ba. Duk littafin ilimin halittu na zamani za ka tarar da sunan Darwin, Baturen Ingila da ya fitar da littafinsa a 1859, da bayanin cewa jinsunan halittu suna canzawa a tsawon zamani. Ɓoye wa yaro wannan ba zai yiwu ba, don za a tambaye shi a jarrabawa, in bai ji a gida ba zai ji a waya. Abin da ya kamata mu koya masa shi ne rarrabe maganganu. Akwai abin da ake gani ana aunawa. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta canza har kulorokwin ya daina yi mata aiki, duk mun shaida wannan a jikinmu. Musun irin wannan wauta ce. Akwai abin da wahayi ya ba mu labari, kamar halittar Annabi Adamu, alaihis salam, da hura masa rai, wannan muna riƙe da shi a matsayin imani, kuma inda ya yi kamar ya ci karo da abin da ke cikin littafin makaranta, a kai maganar gaban malaman da suka san ɓangarorin biyu, kada a yanke hukunci a teburin mai shayi. Sannan akwai marubucin da zai gama bayanin ƙashi da jini, sai ya ce saboda haka babu Mahalicci. A nan ya bar rumfarsa ya shiga ta wani, domin madubin likita ba ya auna wannan tambaya. Yaron da ya iya gane inda awo ya ƙare ra'ayi ya fara, ba na jin tsoron kowane littafi a hannunsa.

Imam Al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga mu wannan magana. Ya kawo misali da husufin wata, wanda masana suka bayyana cewa ƙasa ce take shiga tsakanin rana da wata, har suna faɗin lokacinsa kafin ya zo. Ya nuna cewa wanda ya ƙaryata irin wannan da sunan kare addini, cutar da addinin yake yi, don mai ilimin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, sai dai ya yi shakkar addinin. Wannan shi ne haɗarin da nake gani a gidajenmu. In ɗanka ya ga abu da idonsa a ɗakin gwaji, ya dawo ka ce masa ƙarya ne, kafirci ne, to ranar da ya tabbatar ba ka yi daidai ba a kan sauro, zai fara tunanin ko ba ka yi daidai ba a kan sallah. Sanin dalilin husufi bai hana mu yin sallar husufi ba, kuma ba zai hana ba.

Littafi na ƙarshe da zan ambata shi ne An Immense World na Ed Yong, shi ma na 2022, a kan yadda dabbobi suke ji da gani. Ƙudan zuma yana ganin wani launi a jikin fure wanda idon ɗan Adam ba ya kamawa. Giwaye suna kiran juna daga nesa da wata murya mai kauri da kunnenmu ba ya ji. Tarwaɗa tana ɗanɗano da fatar jikinta. Ƙananan jemagu masu cin ƙwari suna farauta cikin duhu da amsa-kuwwar kukansu. Wanda ya karanta wannan zai gane cewa abin da yake gani ɗan kaɗan ne daga abin da yake kewaye da shi, kuma wannan darasi ne da muke ta ƙoƙarin koyarwa a kan mumbari.

Sanin halitta yana kuma tuna mana amanar da ke wuyanmu. Ku tambayi mahautanmu yaushe rabon da su ga ungulu ta cika mayanka kamar da. A ƙasar nan ana kashe ta ana sayar da kanta da gashinta ga masu tsubbu. A Indiya kuwa wani maganin ciwon jiki da ake ba shanu ne ya kusa ƙarar da ita, don in ta ci mushen sai ƙodarta ta lalace, har sai da gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006. Tsuntsuwar da muke yi wa kallon ƙazama ita take kwashe mushe kafin ya zama cuta. In ba mu san aikinta ba, ba za mu san abin da muka yi asara ba sai wari ya ishe mu.

Na san littattafan nan uku da Turanci suke, kuma da tsada. Shawarata ga kwamitin makarantun Islamiyya da masu hali a cikinmu ita ce a haɗa kuɗi a sayi kwafi ɗaya na kowanne, a ajiye a makaranta tare da Ikon Allah da Hayatul Hayawan. Rana ɗaya a mako bayan la'asar, ɗaya daga cikin 'ya'yanmu masu karatun jami'a, namiji ko mace, ya karanta babi guda ya fassara da Hausa, malami yana zaune, iyaye suna zaune, mai tambaya ya yi. Yaron zai ga cewa karatunsa yana da daraja a gida, malamin zai san irin tambayoyin da ke damun ɗalibansa, uban kuma zai daina tsoron abin da bai buɗe ba.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya shiryar mana da zuriya, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.