Ku Tsare Jikinku Kamar Yadda Kuke Tsare Gari

Manoman fadamar Gummi, masu haƙar zinare na Bagega da Dareta, 'yan kabu-kabu da direbobin hanyar Anka zuwa Gusau, iyayenmu mata masu surfe da tuyar ƙosai a Bukkuyum, sannunku da ƙoƙari. Wanda bai zauna cikinku ba, bai san irin nomanku ba: hannu yana kan fartanya, kunne yana sauraren ƙarar babura daga daji.

A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Abare, Sunke da Yargalma. Hawaye ba su bushe ba 'yan bindiga suka shigo da harajin noma da satar mutane. A Janairun 2022 aka yi mummunan kisa a ƙauyukan waɗannan ƙananan hukumomi biyu, a daminar 2024 kuma ambaliya ta rushe gidaje a Gummi. Duk da haka kasuwa tana ci, gero yana shiga rumbu, yara suna zuwa makarantar allo. Bayan ikon Allah, ku ne kuka riƙe garuruwan nan. Amma jikin da ya ɗauki wannan nauyi yana jin jiki, kuma yawancinmu ba mu kula.

Idan mutum ya ji harbi, wasu 'yan tsoka guda biyu da ke saman ƙoda sukan zubo sinadaran adirenalin da kotisol cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, sukari ya ƙaru, narkar da abinci ya dakata, domin ƙafa ta samu ƙarfin tserewa. Rahama ce, ta ceci rayuka da yawa a daji. Sai dai an yi ta ne domin ɗan lokaci, haɗari ya wuce jiki ya huce. Wanda ya shekara biyar yana kwana da takalmi a ƙafa, nasa jikin bai taɓa hucewa ba. Mai noman rani ya san abin da ke samun injin ban-ruwan da aka bari yana aiki dare da rana ba a kashe shi.

Daga nan ne ciwon kan da ba ya jin magani yake fitowa, da faɗuwar gaba ba dalili, da ciwon wuya da baya, da ƙwannafi, da mantuwa. Mutum ya kwanta a gajiye liƙis, ido ya ƙi rufuwa har kiran assalatu. Magidancin da aka sani da haƙuri ya koma yi wa yara tsawa a kan ƙaramin abu. Ba ragwanta ba ce, ba ƙarancin tawakkali ba ne, kuma kada a yi saurin cewa sammu ne. Jiki ne ya gaji da gadi.

Mafi haɗari shi ne hawan jini, domin sau da yawa ba ya sallama. Mutum yana harkarsa garau, wata safiya a tarar ɓarin jiki ya shanye. Awon bai kai minti biyar ba, ana yi a babban asibitin Anka ko na Gummi, har a ƙananan asibitoci da wasu kemis. Idan ana ta samun 140 bisa 90 ko fiye, a ga likita, kuma idan an ɗora ka a kan magani kada ka ajiye shi don ka ji sauƙi. Masu aikin zinare, ku wannan ya fi shafa, domin dalmar da ke cikin dutsen zinare da kanta tana tayar da jini tana lahanta ƙoda. Kada a niƙa dutse a cikin gida, a wanke jiki a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro. Uwargida kuma a sassauta hannu: gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule.

Samari, ku saurara. Tiramol ba ya ƙara ƙarfi, yana toshe kukan jiki ne kawai, ƙarshensa farfaɗiya da jaraba. Haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake afawa ba a ci komai ba yana iya huda ciki. Barci ya fi su duka. Idan gadin dare ya zama dole, a raba shi, wanda ya tsaya yau ya kwanta gobe, kuma a bar goro da shayi mai kauri bayan magariba. Idan gaba ya faɗi, a zauna, a ja numfashi ta hanci a hankali, a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, a maimaita har ƙirji ya lafa. Sallar da aka yi da natsuwa da zikirin da ba a gaggauta ba suna kwantar da zuciya.

Sannan a yi magana. Mun iya gayya a gona, mun iya adashi, amma damuwa kowa ya ƙunshe tasa. Wanda ya dawo daga hannun masu garkuwa, da matar da aka kashe wa miji ta bar ƙauyensu da marayu, ba "sai haƙuri" kaɗai suke buƙata ba. A zauna da su, a bar su su faɗi abin da suka gani ba tare da an katse su ba. Wanda ya daina ci, ya daina fita, ko ya fara cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Neman tsaro haƙƙinku ne a wuyan hukuma, ku ci gaba da nemansa da babbar murya. Kafin ya samu, ranar kasuwa mai zuwa, kafin ka baza kaya, ka biya a auna jininka, ka tafi da maiɗakinka da mahaifiyarka a auna nasu.