Gafakar Malam

Bayan sadakar arba'in ɗin Malam a Sifawa, 'ya'ya da jikoki suka taru aka buɗe ɗakinsa. Goggo, babbar 'yarsa da ke aure a Shagari, tun da hantsi ta iso. Ba a sha wahala da yawancin kayan ba. Riguna da rawuna aka yi musu ƙima, buta da buzu aka bai wa almajirinsa, akushi kuwa babu wanda ya ko dube shi.

A ƙasan adudu aka tarar da gafaka, fatarta ta yi baƙi saboda shan hannu. Cikinta littafi ne rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki, an ɗaure shi da tsirkiya a cikin tadarishi. Liman ya duba, ya ce Ihya'us Sunna ne na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ba abin mamaki ba ne a sami irinsa a nan, domin a Sifawa Shehu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma yana Boɗinga, ɗalibai na kai da kawowa tsakaninsu suna kwafar littattafai.

Nan fa kowa ya miƙe zaune. Baffa, ƙanen Goggo, ya ce, "Tun da kowa na son albarkar tsoho, a ƙirga warƙoƙin a raba, namiji kashi biyu, mace ɗaya." Da yawa suka ce ya yi daidai. Niyyarsa kyakkyawa ce, kuma da irin wannan niyya ne littattafai masu yawa suka salwanta a gidajenmu.

Goggo ba ta ce uffan ba. Ta kira wani jikan Malam mai karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta ce, "Ɗana, duba ƙasan shafin nan, me ka gani?"

Ya ce, "Kalma ɗaya ce a gefe, Goggo."

"To, ɗauko warƙa ta gaba."

Sai ga kalmar ita ce farkon shafin. Masu kwafa na da ba sa sa lamba, da wannan kalmar kowace warƙa ke riƙe da 'yar'uwarta. Ya ɗaga guda ya haska a bakin ƙofa, ya ga tambarin jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda a da fatake ke kawowa daga Italiya ta hamada.

Goggo ta juya wajen ƙanenta. "Malam ƙarami, in ka tafi Kano da ashirin, ni na tafi Shagari da goma, wa zai sake karanta shi? Tsoho ya bar mana littafi, mu kuma mu bar wa jikokinmu tarkacen takarda?"

Baffa ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Gaskiyarki, Yaya."

Liman ya bayyana musu cewa abin da rabawa ke lalatawa, ƙima ake yi masa, ko magada su yarda su bar shi waƙafi. Suka zaɓi waƙafi, aka rubuta, kowa ya sa hannu. Jikan ya ɗauki hoton kowane shafi da wayarsa bi da bi, ya tura wa dangi duka, ya kuma yi alkawarin zuwa cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ya tambayo yadda ake kare takarda daga gara da laima.

Akushin da aka ƙi kuwa Goggo ta roƙa a sa shi cikin rabonta, don a cikinsa ta yi shekaru tana kai wa mahaifinta tuwo tun tana yarinya. Littafin yana Sifawa wurin almajirin Malam, kuma da shi ake karatu a zaure bayan sallar asuba.